Ɗan Farina da Carbin Kakansa

Ku matso kusa, don maganar nan ba ta son ɗaga murya. Akwai kashi a cikinta, akwai surukai, kuma wanda abin ya faru a kansa yanzu dattijo ne da furfurarsa, har durƙusawa ake yi a gaishe shi. In ya ji na baza shi a takarda sai ya kwana uku bai leƙo ɗakina ba. Sunansa kuwa kada ku sa rai. Ɗan farina ne, bakina ba ya kama sunan. Sau ɗaya tak na taɓa kiransa tun da na haife shi, kuma labarin wannan sau ɗayan ne zan ba ku.

Ni 'yar Kudan ce, aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Gubuci, ƙasar Maƙarfi, gidan manoman rake. Mu huɗu ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifinsa da muke ce wa Baba, da mahaifiyarsa, Inna. Tun ina yarinya an san ni da surutu. Uwata takan ce da ana auna magana a mudu a kasuwar Kudan, da tuni mun yi rufin kwano. Ranar da za a kai ni ɗakina ta kama kunnena ta murɗa, ta ce, "Ke mai baki kamar reza, saurara. In Allah ya ba ki haihuwa, na farin ba naki ba ne. Ba kya kiransa, ba kya kallonsa, in ya faɗi a gabanki ki kau da kai wani ya ɗaga. Kada in ji an ce 'yar Kudan ba ta da kunya."

Haka zamanin yake. Mace ta sha naƙuda ta kusa sheƙawa lahira, sannan a ce ta yi kamar a hanya ta ga yaron. Ni ma na yi. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi ya koma ɗakinta. Ita ke ce masa angona, Baba kuwa in ya gan shi sai ya ce, "Ga mai ƙwace mini mata nan, bai ko iya ɗaura wando ba." Ni in dole ta kama sai in ce "yaron nan," ina kallon bango.

Shekara biyu ke nan da aka ce Turawa sun naɗe kayansu an ba mu mulkin kai. Mu dai a ƙauye abin da muka gani shi ne tuta kore da fari a ƙofar gidan mai gari, da rediyonsa da ba ya magana sai an mare shi. An ce kowa ya samu 'yanci. To bakina dai ba a aiko masa da nasa ba.

Amma akwai abin da ba wanda ya sani. Madafarmu da zana aka kewaye ta, ni kuwa na sa yatsa na huda zanar daidai tsayin idona in ina zaune gaban murhu. Ta wannan huda nake renon ɗana. Ta nan na ga ranar da ya fara gudu, ta nan na san ba ya son kuɓewa. Ta nan kuma na san in an ba shi rake ba ya tofar da tuƙar, wannan ɓawon da ke saura a baki bayan an tsotse ruwan, haɗiyewa yake yi kamar ɗan maraƙi. Shi ma ya gano hudar. In ba kowa sai ya zo ya zura yatsa, in kama in ɗan ciza, ya ruga yana dariya. Iyakar hirarmu ke nan.

Baba kuwa da ƙafa ya je Makka tun yana saurayi, ya yi shekaru a hanya. Abu uku ya dawo da su: ciwon gwiwa, da labaran da ba sa ƙarewa, da wani carbi na baƙin itace mai ƙamshi. A kan carbin akwai dogon ɗan nan da muke ce wa liman, tsawonsa kamar gaɓa biyu na ƙaramin yatsa, da tuntun koren zare a jelarsa. Ko maigidana bai isa ya taɓa carbin nan ba. A duk duniya kuma Baba ba shi da abokin gaba sai toron agwagwar Inna, wani ƙato mai jan wuya, wanda bai ga wurin yin kashi ba sai inda Baba ke shimfiɗa buzu.

Ranar da abin ya faru maigidan ba ya nan. Lokacin matsar rake ne, suna can fadama wajen Gazara da injin nan da doki ke juyawa, suna dafa mazarƙwaila, sai su yi mako ba su kwana gida ba. Da hantsi Baba yana zaune a inuwar durumi a tsakar gida yana lazimi, sai zaren carbin ya tsinke. 'Ya'yan suka watse tar a ƙasa. Baba ya duƙa yana tsinta yana salati, toro ya taho da rangajinsa ya ga ko hatsi aka zubar, yaron nan ma ya taho taya kakansa aiki, hannunsa duk danƙon mazarƙwaila.

Ina kallo ta hudata. Ya ɗauki limamin. Ya juya shi. Ya lasa, ya ji zaƙin hannunsa a jiki, ya tura baki har da tuntun. Sai na ga ya zaro ido, ya miƙe wuya kamar kaza ta sha ruwa, ya yi wani ɗan kakari. Shi ke nan. Ya yi dariya ya ci gaba da tsinta.

Ludayi na hannuna, bakina a buɗe. Na rufe shi. Ku duba lamarin da kyau kafin ku zage ni. In na yi magana, na ɗaga murya ga surukina ba tare da ya tambaye ni ba. Sannan za a ce ta ina kika gani, ke da ke cikin madafa? A zo a ga huda, gobe labari ya isa Kudan. Kuma na ce a raina, abin da ya shiga ta sama ai ta ƙasa zai fita. Wa ya girma bai haɗiye ƙwallon magarya ba? Zan bi sawu, in ya fito in wanke shi tas, in jefa ƙarƙashin buzun Baba, a ce an tsinta. Har na yaba wa kaina da wayo.

Baba ya tara 'ya'yan carbi, duk sun cika, liman ne kawai babu. Ya ɗaga buzu, ya kaɗe riga, ya share gindin durumi da tafin hannu. Sai ya ɗago ido suka haɗa da toro, wanda ke tsaye yana haɗiyar yawu kamar yadda agwagi suka saba.

"Munafuki," in ji Baba. "Na daɗe da sanin ƙarshenmu ke nan ni da kai."

Inna ta fito da tsintsiya a hannu. "Malam, ka ji tsoron Allah. Abu kamar yatsa ta ina zai bi wuyan tsuntsu?"

"Wannan tsuntsu ne? Wannan ko galma kika ajiye sai ya gwada. A ba ni wuƙa."

"Shekara huɗu ina kiwonsa!"

"Shekara huɗu yana karya mini alwala."

Ba alƙali, ba shaida, aka yanka toro. Ni aka ba fiɗa. Na tsaga ƙundunsa Baba na tsaye a baya, aka samu tsakuwa, da guntun tangaran, da kan ƙusa. Baba ya ce la'anannen har ya narkar da shi. Da yamma aka yi tuwon dawa da miyar toro. Allah ya yafe mini, na san bawan Allah bai ci komai ba, amma har ƙarin romo na yi. Daga nan maganar ta ƙara nauyi, don yanzu ba kunya kaɗai ke toshe mini baki ba, har da gawa.

Washegari na shiga farauta. Inna ce ke kai yaron nan bayan gida ya tsuguna, suna tashi sai in ɗauki kaskon toka in ce zan zubar, in bi da tsinke ina tonawa kamar mai neman zinari. Ɗan kaɗan ya yi, babu liman. Rana ta biyu ko ɗan kaɗan ɗin babu. Ya ƙi koko. Aka miƙa masa mazarƙwaila ya kau da kai, nan gabana ya faɗi, don yaron nan ko barci yake yi ka sa masa ita a baki sai ya tsotsa. Kukan kuma zuwa yake yi yana tafiya: sai ya ƙanƙame gwiwoyinsa a ƙirji ya tsala ihu, can ya lafa kamar ba shi ba, can ya dawo. Sai amai. Rana ta uku aman ya koma kore shar kamar ruwan lalle, ciki ya kumbura yana sheƙi, in an ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Ba kashi, ko tusa babu. Gidanmu gaba ɗaya muka koma jiran tusa kamar masu duban wata. Inna har kara kunne take yi.

Matan unguwa suka cika tsakar gida, kowace da asibitinta a baki. Wannan ta ce tsutsar ciki ce. Waccan ta ce kambun baka ne, yaro ya cika kyau. Wata ta rage murya ta ce a dai lura da tsohuwar nan ta bakin rafi. Aka jiƙa jar kanwa aka ɗura masa. Aka dafa filasko da tsamiya, wai ya wanke cikin. Baba ya yi rubutu ya wanke allo. Duk abin da aka zuba, kafin a ajiye ludayi ya dawo, kuma bayan filaskon nan ihun ya fi na da.

Na gwada bi ta bayan gida da maganar. Na samu Inna tana jiƙa wani sassaƙe, na ce, "Inna, wai ni kam agwagwa tana narkar da itace?"

Ta ce, "Ke me ya dame ki da agwagwa yanzu? Ba kin sha romonta ba?"

Na ce, "A'a, na ce ko dai wani abu aka ci a gidan nan."

"Wa ya ci?"

"Mutane dai."

Ta dube ni sama da ƙasa. "In ba ki da aiki ga dawa can ki surfa."

Na je na surfa. Ina daka ina jin matan suna cewa, "Kai, 'yar Kudan akwai kunya. Ɗanta kwance rai a hannun Allah, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Haka ake so." Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta da kyan ji: yabon nan ya yi mini daɗi. Hannuna ya yi kanta a taɓarya, amma wani lungu a zuciyata yana cewa ai ga shi uwata za ta ji labari mai kyau.

Rana ta huɗu da sassafe Baba ya sa aka kira wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa cikin nan ta dama, ya ƙwanƙwasa ta hagu, ya gyaɗa kai kamar mai sayen kankana. Ya ce mugun ruwa ne ya taru, sakiya za a yi, a huda da ƙarfe mai zafi ya tsiyaye. Ya zaro wani tsinken ƙarfe, ya zo bakin madafa ya miƙo mini ta gefen zana.

"Amarya, a sa mini wannan a wuta, a hura da kyau sai ya yi ja."

Na karɓa. Na sa. Na duƙa na hura, wallahi na hura. Ƙarfen ya fara ja daga baki. Sai na ɗago na kai ido hudata. An kwantar da yaron nan a tabarma, Inna ta riƙe hannuwa, Baba ya riƙe ƙafafu. Ba ya ma kuka kuma. Idanun sun faɗa ciki, leɓen ya tsattsage. Bai kalli Inna ba, bai kalli wanzami ba. Ya juyo da kai yana kallon zana, daidai inda ya san idona yake, ya ɗan motsa yatsan nan da nake cizo.

Ban san lokacin da na sunkuci tulu ba. Na juye shi kan murhu, wuta ta ce cuu, toka ta turnuƙe. Na fito ba mayafi, ɗankwali a karkace, fuska duk toka, na kira sunansa. Da ƙarfi na kira, har kajin maƙwabta suka amsa. Na ture hannun wanzami na ce, "Ba mai huda mini ɗa! Ba ruwa ba ne, carbi ne! Limamin carbin Baba ne a cikinsa, da tuntun da komai, a gabana ya haɗiye, ta hudar zana na gani, ni na huda zanar, toro bai ci komai ba!"

Matan da suka yabe ni jiya suka kama haɓa.

Inna ce ta fara samun baki. Ta ce, "Torona!"

Wanzami ya hau tattara zabira yana cewa ai da ma shi ya ji wani abu mai tauri ta hagu, abin da ke cikin hanji kuwa ba aikin aska ba ne.

Baba bai saki ƙafafun yaron ba. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa kallon fuskata ba, ran nan ya kalla. Ya ce, "Yau kwana nawa?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

"Kwana huɗu kina riƙe da wannan a baki?"

"Kunya ce, Baba."

"Kunyar wa?"

"Taka."

Ya ce, "Da kin bari na binne shi, sannan ki zo ki nuna mini inda zan ajiye kunyar." Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ya ce a hanyarsa ta Makka ya ga inda aka tsaga cikin mutum aka ɗinke kamar buhu, mutumin ya tashi ya ci tuwo. A ɗaura wa jaki akumari. Ya roƙi maƙwabcinmu mai keke ya je fadama ya kira maigidan. Inna ta jawo zane za ta goya, Baba ya ce, "Miƙa wa uwarsa."

Rabona da in goya shi tun yaye. Ban iya kwantar da shi a baya sosai ba saboda kumburin cikinsa, sai na rungume shi a gaba na hau jakin, Baba da gurguwar gwiwarsa yana ja, Inna na biye tana ambaton toro.

A Maƙarfi akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi. Malamin asibitin ya taɓa cikin, ya kara abin sauraronsa, ya leƙa ƙwaryar aman da Inna ta riƙo. Ya ce, "Wa ya ba shi filasko?" Kowa ya kalli wani wuri. Ya ce hanya ce ta toshe, duk abin da aka tura daga sama ƙara matse ta yake yi, kada a ƙara ba shi ko ruwa. Ya rubuta takarda ya ce Zariya, yanzu, ba gobe ba. Allah ya taimake mu ranar kasuwa ce, akwai motar katako da ta yi lodin mazarƙwaila da barkono. Aka ba Baba gidan gaba saboda girmansa, ya ce ni in shiga, shi ya hau kan buhun barkono yana atishawa har Zariya.

Ana shirin tashi maigidan ya iso a bayan keke, yana warin hayaƙi da ruwan rake. Kun san shi ma yaron nan ɗan farinsa ne, ga kuma Baba a wurin. Bai kalli yaron ba. Ya zagaya motar yana duba tayoyi, yana tambayar direba ko wannan ta baya za ta kai. Hawaye na zuba a gemunsa yana ta maganar taya.

Ban taɓa zuwa Zariya ba sai ran nan, kuma kada ku tambaye ni yadda take, ban ga komai ba sai ƙeyar ɗana. A babban asibiti wata nas ta tare mu, 'yar kudancin Zariya, gajeriya mai faɗa, Hausarta a tsaye. Ta ce, "Wace ce uwar yaro?"

Inna ta ce, "Ni ce."

Nas ta dubi furfurar Inna ta ce, "Mama, ban da wasa."

Na ɗaga hannu kamar mai laifi. Ta ce, "Me sunansa?" Sai bakin nan ya sake kullewa. Wanda na yi da safe na yi ke nan, ya ƙare. Ta ce, "Haba! Ke kika haife shi ko a kasuwa kika tsinta?" Baba ne ya faɗi sunan.

Amma da likita ya zo yana tambaya nas tana juyawa, sai aka ga inda surutu ke da rana. Me ya haɗiye, yaya girmansa, yaushe? Yaushe ya yi kashi na ƙarshe, yaushe aman ya canza launi? Inna ta ce shekaranjiya, na ce a'a, jiya da hantsi, na farko fari ne, na uku ne kore. Na ba su labarin tuƙar rake ma da ba wanda ya tambaye ni. Nas ta ce, "Ikon Allah. Ba ta san sunansa ba amma ta san amansa ɗaya bayan ɗaya." Suka sa masa roba ta hanci, suka ɗaura ƙarin ruwa a hannu, suka ɗauki hoton cikin. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma da mun ƙara kwana da wuya hanjin ya kai. Aka kawo takarda. Maigidan ya kalli Baba, Baba ya ce, "Ɗanka ne ko nawa? Dangwala."

Muka zauna gindin wani mangwaro ni da Inna, rana ta karkata. Na ɗauka faɗan toro za ta ci gaba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, ba ta kalle ni ba, "Mijinki ba shi ne na farina ba. Akwai wata kafin shi. Zazzaɓi ne. Ina tankaɗe a tsakar gida aka fito aka ce ta cika. Ban ajiye rariyar ba sai da na gama. Aka yi ta yabona." Ta fyace hanci da gefen zane. Can ta ce, "Amma dai toron nan da kin yi magana."

Kafin magariba nas ta fito da wani ɗan kwanon ƙarfe. A ciki ga wani dunƙule kamar ƙwan agwagwa, tuƙar rake ce ta nannaɗe da koren zare ta cure, limamin yana tsakiya. Har da maɓallin rigar maigidan da aka ce ni na ɓatar wurin wanki. Ta ce sun tsaga hanjin sun ciro sun ɗinke, yaro yana numfashi, amma ba ci ba sha sai ya yi tusa, ita ce shaidar hanya ta buɗe.

To ga mu kuma, mun baro jiran tusa a ƙauye mun zo birni muna yi. Kwana biyu ina zaune bakin gadon nan, ina kallonsa ido cikin ido, ba zana ba huda, ba wanda ya ce mini kanzil. A rana ta uku da azahar Baba ya shigo dubiya, ya tsaya kan yaron yana addu'a, ya kai tsakiyar fatiha sai muka ji ta. 'Yar siririya, doguwa, har da lanƙwasa a ƙarshe. Baba ya katse addu'a ya ce, "Alhamdu lillahi!" Inna ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane har nas ta zo da gudu. Ni dai tun da nake ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, ko kalangun bikina.

Da muka koma gida malaman ƙauyen suka rabu biyu a kan limamin, wasu suka ce a wanke sau bakwai ya tsarkaka, wasu suka ce abin da ya kwana huɗu a wannan unguwa ya gama aikin lazimi. Baba ya saurari kowa, ya wanke abinsa da sabulun salo, ya mayar a carbi. Matan unguwa kuwa suka samu abin tauna na wata guda: 'yar Kudan ta fito ba mayafi ta kira sunan ɗan fari a gaban suruki. Uwata ta aiko a gaya mini na zubar mata da mutunci, ɗan saƙon kuma yana riƙe da ƙwaryar man shanu wai a riƙa sa wa yaron a kunu. Inna har ta koma ga Allah in muka yi saɓani sai ta ce, "Ke da kika ci mini toro." Na sayo mata wani, ta ce bai kai wancan hankali ba.

Kwana biyu da dawowarmu ina gaban murhu sai na ji ana taɓa zana. Wuƙa ce ta shigo ta hudata. Baba ne a waje, yana yanka yana ƙunƙuni, sai da ya fitar da wuri kamar faɗin faifai. Bai leƙo ba. Ya ce da durumi, don ba da ni yake magana ba, "Ga taga nan. A daina ɓata mini zana da yatsa."

Sunan dai ban ƙara kira ba, na koma "yaron nan" har yau da yake da jikoki. In suka ga tabon cikinsa suka tambaya sai ya ce musu kaciɓis ya yi da ƙahon bijimi, ni kuwa in yi tari. Matan 'ya'yana da na jikokina duk na gaya musu, in yaro ya sa abu a baki ko gaban sarki ne su yi ihu, in cikinsa ya kumbura yana aman kore kada su tsaya jiƙa kanwa. Suna dariya, wai su ai ba su san wannan kunyar ba, kuma da su ne tun ranar farko za su faɗa. Kowa haka yake cewa in an gama ba shi labari. Amma ku sa kanku a gaban murhun nan, uwarku ta murɗa muku kunne, unguwa tana yabonku, ga romon toro a cikinku. Tsakaninku da Allah, a rana ta nawa za ku buɗe baki?